Sharar Baba Allura

A layin maɗinka, bayan tashar mota, akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofar ƙarfe wadda ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. A nan Baba Allura yake aiki. Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Tun yana saurayi, siriri mai tsini, aka laƙaba masa Allura, da furfura ta zo sai aka ƙara Baba a gaba.

Da surfanin hannu ya yi rayuwarsa. Da shi ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya, yana kansa matarsa ta rasu. Ba shi da yawan magana. Bayan kyan aiki, abin da aka fi saninsa da shi tsabta ce. Guntun zare bai taɓa kwana a kan teburinsa ba. Duk abin da ya zo biyu a hannunsa, zanen takarda ne ko ma'auni, sai ya duba wanda yake amfani da shi ya ajiye, ya jefa tsohon a kwando, kwandon kuma ba ya kwana da shara. Haka ubangidansa ya koya masa, da ranƙwashi.

Da ido ya soma yi masa gardama, kafar allura ta koma biyu, ƙanwarsa ce ta ɗauke shi aiki a shagonta. Ita ce autar ɗakinsu, har yau kuma Auta yake ce mata, ko da yake jikokinta sun shiga makaranta. Da ta ajiye aikin asibiti, duk abin da ta tara ta zuba shi a kan wani tsohon injin surfani mai allurai a jere. Injin ba shi da ƙwaƙwalwar kansa ta kirki. Wata waya mai kauri ce ta haɗa shi da tsohuwar kwamfuta, a cikinta akwai manhajar da ke faɗa masa inda zai soka allura, ɗinki bayan ɗinki. Mutumin da ya sa manhajar ya bar ƙasar. Kamfanin da ya ƙera injin ya rufe. Faifan da manhajar ta zo a ciki kuwa ya tsage tun ranar da wani ya ɗora masa dutsen guga. In manhajar nan ta tafi, injin ya zama tebur mai nauyi, shagon Auta kuma ya zama ɗakin ajiya. Su biyun sun san haka, ba sa dai faɗa.

Ranar da ya fara aiki ta ce masa, "Yaya, ba wahala. Ka ɗame yadi a firam, ka zaɓi zane, ka danna koren maɓallin nan. Amma in ya fara, ko gobara ake yi kada ka kashe."

Ya koya a hankali, kamar yadda yake komai. Yana riƙe linzamin kwamfuta da yatsu biyu kamar mai tsoron kada ya ji masa ciwo. A kwana a tashi ya san muryar injin, ya san ƙarar da yake yi in zare zai tsinke. Har yakan yi masa magana ƙasa-ƙasa in ba kowa.

Ranar da abin ya faru, Auta ta tafi sarin zare can wancan gefen gari. A kan firam akwai jan karan-miski na Hedimasta, wanda ke da makaranta a bayan layin. Tutar makarantar ce, za a rataya ta washegari da safe wurin rabon kyaututtuka: tsuntsu ya buɗe fukafukai a kan littafi, sunan makaranta a ƙasa. Yadin daga nesa aka yo odarsa, babu ragowa. Baba Allura ya ɗame shi da kyau, ya danna kore, injin ya kama caccaka.

Kwanaki ke nan kwamfutar tana nuna wani jan layi, alamar rumbunta ya cika. Auta takan yi tsaki ta ce sai an rage kaya, sai kuma wani aiki ya ɗauke mata hankali. Baba Allura ya zauna yana kallon jan layin nan. Ya tsaya masa a rai kamar tarin ƙyalle a ƙarƙashin keken ɗinki. Ya ce bari ya hutar da yarinyar nan.

Ya goge wasu tsofaffin zane-zane da ya san masu su ba za su dawo ba. Jan layin bai motsa ba. Ya ƙara shiga ciki, ya gyara tabarau, sai ga wata folda ɗauke da hoton koren kwarkwaron zare. Ya san hoton nan. Shi ne wanda yake dannawa kowace safiya a fuskar kwamfuta in zai buɗe manhaja. Ya koma ya duba na fuska: yana nan daram, da 'yar kibiyarsa a gefe. Ya dawo ya duba na ciki: tsoho ne, ga nauyi, ya cinye wuri.

Biyu ke nan. Ga wanda ake amfani da shi, ga tsohon.

Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya tabbata. Ta ƙi ba shi wasu 'yan abubuwa, ta ce ana aiki da su, ya ƙyale mata su. Sauran suka zube a kwandon shara na kwamfuta. Bai ko yi tunani ba, hannunsa ne ya ƙarasa aikin: ya zubar da kwandon.

Jan layi ya koma shuɗi. Ya jingina da kujera, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa.

Sai da ya je zaɓar haruffan da za a rubuta sunan makaranta da su ya tarar da wurin fayau. Da can akwai jeri mai tsawo, masu kwanciya da masu tsayuwa da masu lanƙwasa. Yanzu fari fat. Ya danna akwatin launukan zare, kwamfutar ta yi wata ƙara gajeriya, ta fito da rubutu da jan kuros. Ya rufe, ya sake dannawa. Ƙarar ta sake zuwa.

Injin dai yana ta aikinsa. Ya gama littafin, ya gama kan tsuntsu, ya shiga fuffuken dama.

Baba Allura ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu. Tsallaken titi akwai shagon mai gyaran waya da kwamfuta, wadda duk layin ke kira Injiniya. 'Yar marigayi abokinsa ce, a gabansa ta girma. Ta tsallako tana taunar cingam, da ƙaramin sukundireba soke a ɗankwalinta.

"Baba, lafiya? Ko injin ne ya sake haɗiye zare?"

"Zo ki duba mini. Shara na yi."

Ta sunkuya a kan kwamfutar. Ya nuna mata abin da ya yi, daki-daki, bai rage komai ba. Tun kafin ya kai ƙarshe bakinta ya daina motsi.

"Baba, na fuskar nan ai ba manhaja ba ce. Ƙofa ce kawai. Gidan ka rushe, ka bar ƙofar."

"Amma ga shi yana aiki."

"Abin da ya riga ya ɗauka a kai ne yake tafiya da shi. Ana kashewa shi ke nan, ba zai sake tashi ba." Ta kai hannu ga linzami. "Bari mu duba kwando, in yana nan yanzu za a..."

"Na zubar."

Ta juyo ta dube shi. "Ka zubar."

"Ba na barin kwando da shara."

Ta cire cingam ɗin, ta naɗe a guntuwar takarda, ta riƙe a hannu don ba ta ga inda za ta jefa ba. Sannan ta janye hannunta daga linzamin kamar ya yi zafi.

"To saurara, Baba. Abin da aka goge bai tafi nan take ba. Yana nan kwance a rumbu, sunansa kawai aka kankare, aka ce wurin ba na kowa ba ne. In na cire rumbun yanzu na kai shagona, wataƙila in tsamo shi. Wataƙila fa na ce."

"To cire mana."

"Sai an kashe. Kuma ga inda matsalar take." Ta nuna injin da haɓa. "Duk sanda ya yi gaba, manhajar tana rubuta inda ya kai. A ina za ta rubuta? Rumbun a cike yake. Babu fili ko'ina sai wanda ka share yanzu. A kan kayanku take rubutu, Baba. Muna tsayen nan tana taka su."

Ya dubi injin. Alluran suna hawa suna sauka, farin zare yana kwanciya a kan ja, gashin fuffuke ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa jin ƙarar ta yi masa sauri haka ba.

"In aka bari ya gama tsuntsun fa?"

"Yaushe zai gama?"

"Sai rana ta yi sanyi."

"Kafin nan ban san abin da zai rage ba. Zai yiwu a yi sa'a. Zai yiwu kuma in buɗe in tarar da toka. Kuma ba kashewa ta ladabi ba, ita ma rubutu take yi kafin ta kwanta. Filogi za a fizge."

Ya ciro wayarsa ya kira Auta. Ta yi ta ringi har ta katse. Ya sake. Ya san inda wayar take: can ƙasan jaka, ƙarƙashin ƙullin zare, a tsakiyar hayaniyar 'yan sari. Injiniya ma ta gwada da tata. Shiru.

"Ke ki cire," ya ce.

"A'a, Baba. Ba shagona ba ne, ba yadina ba ne. Na faɗa maka abin da na sani. Anti ta dawo ta ce wa ya kashe mata inji, ba zan iya da bakinta ba."

Ana cikin haka ƙofa ta yi duhu. Hedimasta ne, ƙato, da tumbi da biro uku a aljihun gaba, yana share gumi.

"Sannunku da aiki! Na ce bari in leƙo in ga tsuntsuna. Kai, kai, kai! Baba Allura, ka ga fuffuke? Wannan ai sai ya tashi da tutar." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya lura ba wanda ya taya shi. "Me ya faru? Wa ya rasu?"

Injiniya ce ta yi masa bayani a taƙaice. Fuskarsa ta sauya tun kafin ta gama.

"Tsaya, tsaya. Injin yana aiki ko ba ya aiki?"

"Yana aiki, ranka ya daɗe," in ji Baba Allura.

"To a bar shi ya gama mana! In ya gama tsuntsuna ku kashe, ku cire, ku kai shi asibiti in kun ga dama. Sunan makarantar ma na yafe, zan sa a rubuta a kwali. Gobe da safe iyaye za su cika mini fili. Na gayyaci manyan baƙi. In rataya musu me?"

"In ya gama, mai yiwuwa shi ne aikinsa na ƙarshe."

"Mai yiwuwa! Ita da kanta ta ce mai yiwuwa. Ni nawa ba mai yiwuwa ba ne, gobe ne. Malama Injiniya, kin tabbata in an kashe za ki dawo da shi?"

"Ban tabbata ba."

"Ka ji ko! Ka ɓata mini yadi a kan ban tabbata ba?"

Baba Allura ya kai ido wurin soket. Soket ɗin yana bayan tebur, ƙasa, inda yake sa tsintsiya kullum. Yana ganin baƙin filogin daga inda yake tsaye. A rayuwarsa bai taɓa mayar wa mutum aiki rabi ba. Ko ranar da aka zo aka ce masa matarsa ta faɗi, sai da ya soke allura a inda zai gane, ya dawo bayan kwanaki ya ƙarasa. Ga kuma maganar Auta, ko gobara ake yi. In ya bari, Hedimasta zai tafi da tsuntsunsa, kuma ba wanda zai ce ya karya doka. In ya fizge, ya ɓata yadi, ya karya doka, kuma mai yiwuwa duk a banza.

Injin ya yanke zare, ya matsa, ya nufi fuffuken hagu. Fitilar rumbun kwamfutar ta yi ƙyaf-ƙyaf. Injiniya ta ja numfashi ta haƙora.

Ya dafa tebur ya durƙusa. Hedimasta ya ce, "Kai, dattijo, kada ka..."

Ya fizge filogin. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar nauyi. Allura ta tsaya a cikin yadin. Aka ji hon ɗin motoci daga tasha, da keken maƙwabci yana ta zarya.

Injiniya ba ta ɓata lokaci ba. Ta zare sukundireba daga ɗankwali, ta kwantar da kwamfutar, ta buɗe cikinta.

Hedimasta ya dubi tutarsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Yaushe zai tashi?"

"Gobe da rana, in an dace," in ji Injiniya ba tare da ta ɗago ba.

"Da rana. An watse ke nan." Ya juya ga Baba Allura. "Cire mini kayana."

"Ranka ya daɗe, in ya bar firam ɗin nan ba zai koma daidai ba. Ka bar shi, in injin ya tashi..."

"In ya tashi ya yi wa wa? Cire."

Baba Allura ya ɗaga allurar a hankali, ya yanke zaren, ya kwance firam, ya ninke yadin yadda aikin ba zai murje ba. Hedimasta ya karɓa ya danna a hammata.

"Makarantata ce kaɗai mai tsuntsu da fuffuke ɗaya. Sai in ce wa yara haka ɗalibin da ba ya bita yake." Ya kai ƙofa ya juyo. "Ka gaishe da ƙanwar taka. Ka ce mata rigunan wasanni da muka yi magana, ta bar su kawai."

Da yamma Auta ta dawo, jaka a kowane hannu. Ta ga kwamfuta a kwance ciki a buɗe, firam ba yadi, yayanta a zaune a kan benci maimakon kujerar aiki. Ta ajiye jakunkunan. Ya faɗa mata, kamar yadda ya faɗa wa Injiniya, bai rage ba, bai ƙara ba.

"Na ce ko gobara, Yaya."

"Kin ce."

"Wa ya sa ka shara?"

"Ba kowa."

Ya jira ta yi faɗa. Ya san bakinta, tun tana ƙarama in ta fara sai ta gaji. Amma ba ta yi ba. Ta je ta dafa injin, ta shafa gefensa inda fenti ya goge, ta ɗauki mayafin da ake rufe shi ta rufe. Ta kwashe sabon zaren ta jera a kanta, launi-launi, duk da ba abin da za a ɗinka da shi. Sannan ta ce ya ja ƙofa in ya tashi.

Washegari ya riga kowa zuwa layin. Ya buɗe shago, ya rasa abin yi, ya tsallaka wurin Injiniya ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin. Ta haɗa rumbun da tata kwamfutar. Sunaye suna ta gangarowa, wasu da ɗigon kore, wasu da ja.

"Jan fa?"

"Waɗanda aka taka."

Ya daina tambaya. Daga bayan layi ana jiyo lasifikar makarantar Hedimasta, ana kiran sunayen yara ana tafi. Duk jan da ya wuce sai ya ji kamar shi ya ɗora ƙafa a kai. Ya yi ƙoƙarin ganin wanne ya fi yawa, idon ya haɗe masa su.

Rana ta take tsaka lokacin da Injiniya ta mayar da rumbun cikin kwamfutar shago. Auta tana tsaye ta harɗe hannu. Baba Allura yana bakin ƙofa, almakashinsa da gidan tabarau a aljihu, ya kwashe su daga aljihun tebur tun da safe don yana tsammanin sallama. Injiniya ta kunna, ta danna koren kwarkwaro.

Ba abin da ya faru. Fuskar kwamfutar ta yi fari, ta tsaya.

"Ku ba ta lokaci," in ji Injiniya, amma ita ma ta daina tauna.

Auta ta soma karanta wani abu a ƙasan leɓe. Wani ya leƙo yana tambayar ko ana sa maɓalli, ba wanda ya kula shi, ya tafi. Can sai farin ya yaye, manhajar ta buɗe, injin ya yi wani gurnani daga ƙarƙashin mayafinsa, alluran suka motsa suka daidaita.

Auta ta zauna a kan buhun ƙyalle, ta rufe fuska da gyale.

Injiniya ta bi ko'ina tana dubawa. Launuka sun dawo. Zane-zane suna nan. Da ta buɗe jerin haruffa sai ta yi tsaki.

"Anti, a nan aka yi ɓarnar. Duk sun tafi, saura iri ɗaya. Waɗannan masu ƙibar, kamar an hura su." Ta dubi Baba Allura. "Kusa da su akwai abin da ke magana da injin. Da an ƙara jimawa, shi ne na gaba. Bari in kwafe muku komai a wuri biyu kafin wani ya sake jin ƙaiƙayin tsintsiya."

Auta ta sauke gyalen. Idonta ya yi ja. Ta dubi yayanta a bakin ƙofa, ta dubi aljihunsa da ya yi tudu.

"Yaya, tsayuwar me kake yi a nan kamar baƙo? Masu gadin kasuwa sun aiko da riguna tun shekaranjiya, suna so a rubuta musu suna a ƙirji."

"Da waɗannan haruffan? Ai sai a ɗauka 'yan raino ne."

"Su muke da su, su za mu ba su."

Ya shigo a hankali. Ya yaye mayafin injin, ya ɗauko rigar farko, ya ɗame ta a firam, ya ja gefe-gefe har ta yi tauri. Yatsansa ya tsaya a saman koren maɓalli.

"Danna mana," in ji Auta. "Rana tana yi."